Wata biyar a keji: Yadda ake jinyar karnuka masu tsutsar zuciya a Amurka kafin su samu gida

Da sassafe ake buɗe kejin. Tun kafin karyar ta fito an ɗaura mata igiya a wuya. A bi da ita sannu a hankali zuwa filin da ke bayan gida, ta yi fitsari, ta yi kashi, a dawo da ita. Duka-duka minti biyar ne zuwa goma.

Idan ta hango kurege a kan katanga ta zabura, sai gaban mai riƙe da igiyar ya faɗi, domin wannan zaburar kaɗai tana iya zama ajalinta.

Haka safiya take a gidaje da dama a Amurka, inda 'yan sa-kai ke karɓar riƙon karnukan da aka tsinta a titi ko aka ƙwato daga hannun masu gallaza musu, suna jinyar su daga wata cuta da ake kira tsutsar zuciya. Ba a biyan su albashi. Kuma a ƙarshen wahalar, idan karen ya warke, wani ne daban zai zo ya tafi da shi.

Ga wanda ya san kare a matsayin mai gadi, ko abokin farauta, ko mai bin garken shanu, labarin zai zo da mamaki. Amma a ƙasar da kimanin karnuka miliyan uku ke shiga gidajen ajiye dabbobi a kowace shekara, kuma ake yi wa dubban ɗaruruwa allurar mutuwa saboda rashin wurin ajiya ko rashin lafiya, samun mai riƙo shi ne yake raba wanda zai rayu da wanda ba zai kai ƙarshen mako ba.

Cizon sauro guda

A ɗauki misalin irin karyar da aka fi gani a wannan harka: 'yar shekara uku, mai nauyin kilo 20, an tsince ta a gefen hanya a wani ƙauyen jihar Mississippi, ba ta da alamar mai ita. Ranar da aka kai ta gidan ajiye dabbobi na ƙaramar hukuma za a ɗebi ɗigon jininta a zuba a wani ɗan faranti na gwaji, kamar dai yadda ake gwajin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Cikin kusan minti goma sakamako ya fito.

Abin da gwajin yake nema shi ne alamar wata tsutsa da masana ke kira Dirofilaria immitis. Wani masanin halittu na birnin Philadelphia, Joseph Leidy, shi ne ya yi mata bayani a kimiyance ya raɗa mata suna a 1856.

Sauro ne yake yaɗa ta. Idan ya ciji kare mai cutar, yakan zuƙo 'ya'yan tsutsar da ke yawo a jini, waɗanda ido ba ya iya gani. Su yi kwana 10 zuwa 14 suna girma a cikin sauron idan akwai ɗumi. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 14 a ma'aunin Selshiyas, girman nasu yakan tsaya. Da sauron ya ciji wani kare, sai su shige ta ramin cizon.

Daga nan tafiya ce ta wata shida zuwa bakwai, daga ƙarƙashin fata zuwa tsoka, zuwa jijiya, har su yada zango a manyan jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. A nan suke balaga, su yi barbara, su ci gaba da haihuwa.

Macen tsutsar takan kai santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Fara ce siririya, duk wanda ya ga hotonta taliya ce take fara zuwa masa a rai. Tana rayuwa shekara biyar zuwa bakwai a jikin kare. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce a tsaka-tsaki akan samu guda 15 a kare ɗaya, amma adadin yana iya kai wa 250.

Mugun abin da ke tattare da cutar shi ne shirunta. Kare zai yi shekara yana ɗauke da ita yana wasansa. Sai a fara jin ɗan tari. Sai ya riƙa gajiya da wuri, ya rame, ciki ya kumbura da ruwa saboda zuciya ta fara gazawa. Idan tsutsotsin suka yi yawa har suka toshe hanyar da jini ke komawa zuciya, kare yakan yanke jiki ya faɗi, fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi. A wannan matakin babu abin da ya rage sai tiyata, a yanka jijiyar wuya a zura ƙarfe a riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane kare ne yake tashi ba.

Kare ba ya shafa wa ɗan'uwansa cutar ta hanyar cin abinci tare ko kwana wuri ɗaya, dole sai sauro ya shiga tsakani. Mutum ma yana iya kamuwa, amma da wuya ƙwarai, kuma tsutsar ba ta iya cika girmanta a jikinsa. Takan mutu ta bar ɗan tabo a huhu wanda wani lokaci yake tayar wa likitoci hankali a hoton ƙirji saboda kamarsa da ciwon daji.

Daga Kudu zuwa Arewa

An samu cutar a duka jihohin Amurka 50, amma cibiyarta Kudu ce, yankin zafi da damshi da fadamu, inda sauro ba ya hutun kirki. Ƙungiyar masana tsutsar zuciya ta Amurka, American Heartworm Society, wadda aka kafa a 1974, tana tattara alƙaluma daga asibitocin dabbobi duk bayan shekara uku, kuma Mississippi da Louisiana ba sa barin sahun gaba.

Waɗannan jihohi kuma suna cikin mafi talauci a ƙasar. Nan ne karnuka suka fi yawo sakaka, nan ne aka fi barin su suna haihuwa babu ƙayyadewa, nan ne kuma gidajen ajiye dabbobi suka fi cika alhali kasafinsu bai taka kara ya karya ba. Jinyar kare ɗaya a asibitin kuɗi takan haura dala 1,000. Gidan da ke da karnuka ɗari da kuɗin abincin wata guda ba shi da wannan sukunin. Shi ya sa a wurare da yawa, da gwaji ya nuna tsutsar zuciya, sunan kare ya hau jerin waɗanda za a yi wa allurar mutuwa.

A jihohin Arewa maso Gabas kuwa, irin su Massachusetts da Vermont da Maine, lamarin a juye yake: masu neman kare sun fi karnukan da ke gidajen ajiya yawa. Wannan ne ya haifar da wata zirga-zirga da ba ta tsayawa, motoci ɗauke da kejuna suna kwana a hanya daga Kudu zuwa Arewa, tafiyar da takan haura kilomita 2,000.

Mahaukaciyar guguwar Katrina ta watan Agustan 2005 ce ta fito da girman matsalar fili. An kwashe dubban dabbobi daga New Orleans da kewaye aka rarraba su a faɗin Amurka har da Kanada. Wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Florida suka jagoranta ya gano kusan rabin karnukan da aka gwada daga cikinsu suna ɗauke da tsutsar.

Ceton yana da nasa aibin, kuma ba kowa a harkar ne yake son a faɗa ba. Kare mai 'ya'yan tsutsa a jini, idan aka sauke shi a garin da babu cutar, sauron garin zai same shi. Saboda haka a 2017 ƙungiyar masanan da ƙungiyar likitocin gidajen ajiye dabbobi suka fitar da ƙa'idojin jigila: a gwada duk karen da ya wuce wata shida kafin a sa shi a mota, a fara ba shi maganin da ke kashe 'ya'yan tsutsar, kuma kada a yi tafiya da wanda aka yi wa allurar kashe manyan sai bayan aƙalla mako huɗu.

Riƙo

Hausawa ba sa buƙatar dogon bayani a kan riƙo. Yaro ya tashi a hannun gwaggo ko kaka, ta ci da shi, ta yi jinyarsa, kowa kuma ya san ba ita ta haife shi ba, kuma wata rana zai iya komawa. Tsarin da ƙungiyoyin ceton dabbobi ke bi bai yi nisa da wannan ba.

Kare yana nan a matsayin mallakar ƙungiya. Ita take biyan kuɗin asibiti da magani, sau da yawa har da abinci da keji. Mai riƙo kuma ya bayar da ɗaki, da lokaci, da haƙuri. Yawancinsu mata ne, akwai 'yan fansho, akwai ɗalibai, akwai masu aiki daga gida. A lokacin kullen korona na 2020 gidajen ajiye dabbobi da dama sun kusa zama wayam saboda yawan masu neman riƙo. Aikin ya samu karɓuwa har a wajen hukuma: a 2011 kotun haraji ta Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar wata mai riƙon kyanwoyi a California, cewa kuɗin da mutum ya kashe a irin wannan hidima ga ƙungiyar agaji mai rajista yana iya shiga lissafin rangwamen haraji.

Dalilin da ya sa kare mai tsutsar zuciya ya fi kowa buƙatar gidan riƙo shi ne hayaniya. A gidan ajiya karnuka ne birjik, haushi dare da rana, kowa ya shigo sai an yi tsalle a jikin waya. Maganin wannan cuta kuwa ba ya tafiya tare da bugun zuciya mai sauri.

Yadda maganin yake

Ba a fara wa da allura. Idan aka tabbatar da cutar da gwaji na biyu, ranar farko ana ba karyar abu biyu ne: ƙwayar rigakafi ta wata-wata, wadda ke kashe ƙananan tsutsotsi, da kuma doxycycline, maganin da ake samu a kowane kemis. Miligiram 10 ne ga kowane kilo, safe da yamma, har kwana 28. Ga karya mai kilo 20, miligiram 200 ke nan sau biyu a rana.

Me ya haɗa maganin ƙwayoyin cuta da tsutsa? A cikin jikin tsutsar akwai wata bakteriya mai suna Wolbachia da ba ta iya walwala sai da ita. Idan aka kashe bakteriyar, tsutsar takan yi rauni, haihuwarta ta lalace, kuma idan ta mutu kumburin da gawarta ke jawowa a huhu yana raguwa. Bayan an gama shan maganin sai a ƙara jira wata guda.

A kwana na 60 ake yin allurar farko. Sunan maganin melarsomine, kuma da sinadarin asenik aka haɗa shi, wato guba ce da aka auna daidai yadda za ta kashe tsutsa ta bar kare. Ana soka ta ne can cikin tsokar gadon baya, kusa da ƙugu. Tana da zafi. Karnuka da yawa sukan yi kwanaki suna ɗingishi, wurin ya kumbura, su ƙi abinci.

A kwana na 90 a yi ta biyu, washegari a yi ta uku a ɗaya gefen. An raba su haka ne don kada tsutsotsin su mutu gaba ɗaya a lokaci guda. Ta farko ta rage su, huhu ya samu wata guda ya farfaɗo, sannan biyun ƙarshe su gama da sauran. A alƙaluman ƙungiyar masanan, wannan tsarin na allura uku yana kashe kashi 98 cikin 100 na tsutsotsin, shi kuwa tsohon tsari na allura biyu kashi 90 yake kashewa.

Daga nan ne ainihin haɗarin yake farawa, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta.

Tsutsar ciki idan ta mutu takan fita ta bayan gida. Wannan kuwa a cikin jijiyar jini take, ba ta da ƙofar fita. Gawarta takan ruɓe ta kakkarye, jini ya kwashi gutsattsarin ya tura su cikin ƙananan jijiyoyin huhu, inda jiki zai yi makonni yana narkar da su. Idan zuciya tana bugawa a hankali, gutsattsarin sukan tafi kaɗan-kaɗan, jiki ya iya da su. Idan kare ya yi gudu ko ya yi tsalle, jini ya taho da ƙarfi, sai su tafi da yawa a lokaci ɗaya su toshe hanya. Kare ya kama tari, wani lokaci da jini, numfashi ya gagara, dasashi ya yi fari. Yana iya mutuwa kafin a isa asibiti.

Mako na farko zuwa na biyu bayan kowace allura su ne mafi tsanani. Amma dokar hana motsi tana farawa ne tun ranar da aka gano cutar, ta ƙara tsauri bayan allurar farko, kuma ba ta ɗagawa sai mako shida zuwa takwas bayan ta ƙarshe. Idan aka haɗa lissafi, kusan wata biyar ke nan.

Mai jinya da mara lafiyar da bai san ba shi da lafiya ba

Mutum idan likita ya ce ya kwanta, ya san dalili. Kare bai sani ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a daidai lokacin da haɗarin ya fi yawa ne karyar take fara jin daɗin jikinta. Ta samu abinci mai kyau, ta yi ƙiba, ƙuma da kaska sun bar ta, a karon farko a rayuwarta tana da ƙarfin wasa.

Sannan akwai prednisone, maganin rage kumburi da ake haɗawa da allurar. Yana sa ƙishirwa, da yawan fitsari, da yunwa, da rashin natsuwa. Mai riƙo zai tashi cikin dare ya fita da ita, wani lokaci sau biyu.

Saboda haka gidan gaba ɗaya yake canzawa. A cire ƙararrawar ƙofa ko a manna takarda a roƙi baƙi kada su danna. A rufe labule don kada ta hango mai kawo wasiƙa. A toshe matakalar bene. Idan akwai wasu karnuka a gidan, a raba musu lokacin fita. Yara su koyi shigowa ba tare da ihu ba, wanda duk mai yara ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Tunda an hana ƙafa aiki, sai a ba hanci da baki. Masu riƙo sukan cusa abinci a cikin wata robar wasa mai rami su sa a firiza, yadda karyar za ta yi rabin awa tana lasa. Wasu su ɓoye ƙwayoyin abinci a cikin tawul da aka nannaɗe. Wasu su zauna a ƙasa kusa da kejin da kwamfutarsu suna aiki, don kawai ta ga mutum. Idan duk wannan bai isa ba, likita ya rubuta maganin kwantar da hankali irin trazodone.

Akwai wata hanyar da ake kira kashewa a hankali, inda ake barin allurar a dogara da doxycycline da maganin rigakafi na wata-wata har tsutsotsin su mutu da kansu. Ta fi araha, shi ya sa ƙungiyoyi marasa ƙarfi suke bin ta. Sai dai takan ɗauki shekara ko fiye, kuma duk tsawon lokacin tsutsar tana ci gaba da ɓarna a jijiya. Ƙungiyar masanan ba ta amince da ita a matsayin zaɓin farko ba. Masu aikin ceto a ƙauyukan Kudu kuma suna da tasu hujjar, cewa zaɓin da ke gabansu sau da yawa ba tsakanin magani mai kyau da mafi kyau ba ne, tsakanin wannan ne da allurar mutuwa. Duk wanda ya ga kasafin irin waɗannan wurare zai yi wuya ya ɗora musu laifi.

Maganin da aka sani a gida

Ƙwayar rigakafin da ake ba karyar duk wata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mafi shahara a cikin irinta ivermectin ce, wadda asalinta daga wata ƙwayar halitta ce da masanin Japan Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa, William Campbell na kamfanin Merck da abokan aikinsa kuma suka gano tana kashe tsutsotsi. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015.

A 1987 aka fara sayar da ita a Amurka da sunan Heartgard don karnuka. A wannan shekarar ce kuma kamfanin ya fara bayar da ita kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, ƙwayar da ake auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi a ƙauyukan Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Ba haɗuwar banza ba ce. Tsutsar zuciyar kare, da mai kawo makantar, da mai kawo tundurmi, duk dangi ɗaya ne, kuma dukkansu suna ɗauke da Wolbachia. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan makanta.

Sai dai kada wannan ya sa wani ya ɗebi ivermectin ta shanu ya ɗirka wa karensa. Abin da ke cikin ƙwayar rigakafin kare ɗan mitsitsi ne ƙwarai idan aka kwatanta da na dabbobin kiwo, wasu jinsunan karnuka kuma ba sa jure mai yawa. Ga kare mai 'ya'yan tsutsa da yawa a jini, kashe su farat ɗaya yana iya jefa shi cikin mawuyacin hali, shi ya sa ake ba da ƙwayar farko a gaban likita.

Mai zuwa ɗauka

Tun karyar tana keji ake sa hotonta a intanet, a shafuka irin su Petfinder, wanda ke aiki tun 1996, da shafin ƙungiyar na Facebook. A ƙasan hoton za a rubuta gaskiya: tana jinyar tsutsar zuciya. Wannan layin kaɗai yana korar masu nema da yawa. Ga ɗan kwikwiyo lafiyayye a hoto na gaba, wa zai tsaya?

Wanda ya tsaya kuma ba a miƙa masa igiya nan take. Zai cike takarda: gidan nasa ne ko haya, mai gidan ya yarda da kare, awa nawa za a bar ta ita kaɗai, wane likitan dabbobi zai riƙa kai ta. Wasu ƙungiyoyin har gida suke zuwa dubawa. Akwai masu ganin binciken ya yi yawa, har ya kan hana talaka mai son dabba samu, kuma wannan ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Amma a kan kare mai wannan cuta, tambaya ɗaya ba ta da makawa: shin mutumin zai iya hana ta gudu?

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya jira har likita ya sallame ta, ko ya karɓe ta tun tana jinya a matsayin mai riƙo, ƙungiya ta ci gaba da biyan magani, in an gama a sa hannu ta zama tasa. Ta biyun tana buɗe gurbi ga wani kare da wuri. Amma sauya gida shi kansa tashin hankali ne ga dabba, sabon wari, sababbin fuskoki, kuka da kai-komo a daren farko. Shi ya sa masu riƙo da suka daɗe a harkar ba sa son a yi sauyin a makonnin da ke biye da allura.

Mai hankali yakan nemi takardun asibiti gaba ɗaya, ba taƙaitawa ba. Ranar kowace allura. Uku aka yi ko biyu. An ba da doxycycline na cikakken wata ko an gajarta. An ɗauki hoton ƙirji, me ya nuna. Wa zai biya gwajin ƙarshe. Ya kuma san cewa kamfanonin inshorar dabbobi ba sa ɗaukar nauyin cutar da dabba ta zo da ita, don haka idan tari ya dawo bayan shekara biyu, aljihunsa ne.

Amsar tambayar da kowa yake yi, wato ko za ta warke sarai, ta danganta da yawan tsutsar da daɗewarta. Yawancin karnukan da aka gano da wuri sukan koma rayuwarsu, su yi gudu, su tsufa. Amma tabon da tsutsar ta bari a bangon jijiya ba ya gogewa duka, kuma wadda ta daɗe da cutar tana iya zama da ɗan tari ko saurin gajiya har ƙarshen rayuwarta.

Warkewa kuma ba ta ba da kariya. Sauro ɗaya ya isa ya mayar da hannun agogo baya. Don haka yarjejeniyar ɗauka takan ƙunshi alƙawarin ba da rigakafi duk wata, rani da damina, da gwajin jini duk shekara. Kuɗin rigakafin shekara guda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin jinya ba. Gwajin shekara-shekarar ma ba al'ada ce kawai ba, domin a yankin kwarin kogin Mississippi an tabbatar da samuwar tsutsotsin da maganin rigakafin ba ya kashewa yadda ya kamata.

Ranar rabuwa

Ranar da likita ya ɗage dokar, ba a sakin igiya a ce ta ruga. Tsokar da ta yi wata biyar a kwance sai an bi ta a hankali: tafiyar minti goma, bayan kwanaki a ƙara biyar, har a kai ga ranar da za a cire igiyar a fili mai shinge. Masu riƙo da yawa sukan ɗauki bidiyon wannan gudun na farko su sa a shafin ƙungiya, kuma irin waɗannan bidiyoyin ne suke jawo gudummawar da za a biya wa na gaba.

Wasu masu riƙon ba sa iya rabuwa. Bayan wata biyar na tashin dare da ƙirga numfashi, sai su cike takardar da kansu su riƙe karen. A harkar ana tsokanar irin wannan da cewa riƙo ya faɗi jarrabawa. Ƙungiyoyi suna murna da shi a fili, a ciki kuma suna lissafin cewa gida ɗaya ya fita daga jerin masu karɓar mara lafiya.

Wadda ta daure takan haɗa wa karyar kayanta: bargon da ta saba kwana a kai, ragowar abinci, robar wasanta, da takarda mai ɗauke da ranar da za a ba ta ƙwaya ta gaba.

Ko a ranar ba a rufe fayil ba. Gwajin jini yana iya ci gaba da nuna alamar tsutsa watanni bayan ta mutu, don haka sai an cika wata tara da allurar ƙarshe, wato kusan shekara guda cif daga ranar da aka fara, sabon mai ita zai mayar da ita asibiti a sake ɗiban jini. Idan ya fito babu komai, shi ke nan. Idan kuma alamar tana nan, za a koma kan doxycycline, a sake allura biyu, a kuma sake fito da kejin.